Yadda na koya wa ƙananan ajina haɗa baƙi da kwali, yashi da murafen kwalba

Yaro zai iya rera haruffa tun daga na farko har na ƙarshe, da murya mai daɗi harda rausaya kai, amma ka tsamo harafi ɗaya daga tsakiya ka nuna masa kace wannan fa, sai yayi tsuru tsuru yana kallonka, ko kuma ya koma farkon waƙar yana bi da yatsa har ya iso wurin. Duk wanda ya taɓa riƙe ajin ƙanana yasan wannan. Haka na samu nawa lokacin da aka bani su, 'yan shekara huɗu zuwa biyar, ajin a cike, hadda kam ba a magana, amma sauti da harafi basu taɓa haɗuwa a kansu ba. Kuma abin ba na ajina kaɗai bane, Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita basa iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane abin da yake cewa. Yaran nan fa da yawansu suna zuwa makaranta kullum. Wannan ne ya tsaya min a rai nace toh bari in bi wata hanyar, wadda zan ringa ganin abin da ke faruwa a kan kowane yaro tun kafin ya wuce ajina.

Hanyar ba tawa bace. Ta Maria Montessori ce, wata likita 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara, da ta kira gidan yara, a unguwar San Lorenzo da ke birnin Rum a watan Janairun 1907, yaran talakawa ne waɗanda iyayensu ke fita aiki su barsu suna gararamba. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shine da ta zo koya musu haruffa bata samu halin yin na katako masu tsada da taso ba, takarda ta yanka da samfefa, wato takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita. Nace ashe dai almakashi da gam ne, ai ko ni zan iya.

Amma ban fara da harafi ba sam. Da kunne na fara.

Na samu ɗan kwando na zuba ƙananan abubuwa da yaran suka san sunansu sarai, soso, zobe, makulli, hula, zare, madubi, roba, ganye, dutse. Sai in zauna da yara kaɗan a ƙasa, in ɗauki soso a hannu ince ina riƙe da wani abu da yake farawa da ssss, menene? Abu ɗaya ne tak a hannuna don haka babu wanda zai faɗi, kowa ya ce soso, ni kuma in maimaita ssss soso. Da haka da haka sai in ajiye biyu masu nisa da juna kamar soso da madubi, sannan uku, sannan in koma sautin ƙarshe, daga baya na tsakiya wanda shine mai wahalar. Sautin nake faɗa ba sunan harafin ba, kuma nakan yi ƙoƙari kar in maƙala masa wasali a baya, mmm nake cewa ba ma ba. Shi yasa na fara da waɗanda ake iya ja, m, s, n, z, l, r, f, don irin su b da k da d da ka buɗe baki sun ƙare, yaro baya samun lokacin kama su. A nan na daɗe gaskiya, makonni muka yi, kuma wanda ya leƙo ajin zai ce wasa kawai muke. Sai dai a wasan nan ne na fara ganin bambancin yara, akwai yarinyar da tun ranar farko tana cewa Malama sunana ma da shi yake farawa, akwai kuma yaron da in nace ssss sai ya ɗauki duk abin da ya fi burge shi a kwandon. Ba rashin ƙwaƙwalwa bane, bai taɓa lura bane cewa kalma ana iya ɓarka ta gida gida, shi a wurinsa soso abin wanka ne shikenan.

Gaɓa kuma tafi muke mata. Ma-du-bi tafi uku, hu-la tafi biyu, wani lokaci tsalle, wani lokaci kowace gaɓa a jefa dutse ɗaya a gwangwani aji ƙararsa. Wannan bai bamu wahala ba don Hausa gaɓoɓinta a bayyane suke, baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin ya rufe, yara suna jinsu tun basu san sunansu ba.

Tare da wannan duk muna aikin baki, don karatu ba gane harafi kaɗai bane. Wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun faɗi wata magana a 1986 da har yau ake aiki da ita, cewa fahimtar karatu tana fitowa ne daga abu biyu da aka ninka, iya warware rubutu da kuma fahimtar magana, in ɗaya ya zama sifiri to sakamakon sifiri ne. Don haka na ɗinka jaka mai zariya, in saka abu a ciki yaro ya zura hannu ba tare da ya gani ba ya faɗa mana yadda yaji shi kafin ya ciro, mai santsi ne ko mai kaushi, mai sanyi ne, yana lanƙwasuwa, yana da baki mai tsini. Da farko amsarsu ɗaya ce, Malama wani abu ne. Sai in ce toh abun nan mai nauyi ne ko sakayau, da tambaya da tambaya har kalmomin suka zauna a bakinsu. Na kuma zana hotuna uku ko huɗu na labari ɗaya a kati, kamar iri a ƙasa, tsiro, bishiya, in hargitsa su yaro ya jera ya bamu labarin da da farko, sai kuma, daga ƙarshe. Tsohuwar safa da maɓalli biyu ta zama ɗan tsana mai magana, kuma wallahi akwai wata yarinya da bata taɓa amsa min tambaya ba amma in safar nan ta tambaye ta sai ta saki baki kamar ba ita ba. Karanta musu labari kuma kullum ne, ba fashi.

Katunan samfefa da yamma nake yankasu a gida. Kwalin da aka yar na samu na yanka shi daidai girman tafin hannun babba ko ya ɗan fi, na zana harafin a bayan samfefa a juye don in an yanka an kifa ya fito daidai, na manna da gam na danne da littattafai ya kwana. Samfefa mai laushi ake nema ba mai gwaɓi ba, kar ta kurje musu yatsa, kuma tana dakusar da almakashi sosai don haka ware mata tsoho guda ɗaya. Wasula biyar ɗinmu a e i o u na saka su a kati mai shuɗi, baƙaƙe a mai ja, kusan yadda ake yi a makarantun Montessori, amfaninsa zai fito a gaba. Ƙananan haruffa na yi ba manya ba saboda sune suka cika littafi. Sannan sh da ts kowanne kati ɗaya na basu don sauti ɗaya ne duk da harafi biyu ake rubutawa, daga baya na ƙara ky, gy, kw, gw, ƙw da ƙy. Masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ da 'y, ban ajiye su gefe kamar baƙin gida ba, haruffan harshen ne kamar kowanne.

Yadda ake gabatar da su mataki uku ne, Montessori ma a wurin wani likitan Faransa mai suna Séguin ta ɗauko. Ina ɗaukar kati biyu ko uku waɗanda basu yi kama ba a ido ko a kunne, misali a da m da s. Na farko in shafa harafin da yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, ta inda ake fara rubuta shi, a hankali, in na kai ƙarshe ince mmm, in miƙa masa yayi. Na biyu shine inda ake daɗewa, nuna min mmm, ɗora sss a kanka, ɓoye a a bayanka, kai wa ƙawarka mmm, shafa min sss kuma. Shi bai faɗi komai ba tukuna, ji yake yana ganewa. Sai na uku in nuna ince wannan fa? In ya faɗa madalla. In bai faɗa ba bana cewa a'a ka faɗi, sai kawai in koma matakin farko ko in tattara mu bari sai gobe, don yaro ɗan shekara huɗu in ya fara jin tsoron kati to ka rasa shi na tsawon lokaci. Mintuna kaɗan ne duka abin. Kuma duk sanda muka gama sai mu koma kwando, me muke da shi a nan mai farawa da wannan da ka shafa yanzu, a nan ne kunne da yatsa suke haɗuwa.

Akwai wani bincike da ya sa ban tsaya a shafa kawai ba. Karin James ta Jami'ar Indiana a Amurka ita da abokiyar aikinta sun fitar da shi a 2012, yara 'yan shekara biyar da basu fara karatu ba, wasu haruffan sun rubuta da hannunsu a fili, wasu sun bi sawun ɗige ɗige, wasu sun danna a kwamfuta, sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan. Sassan da ake amfani da su wajen karatu sun fi motsawa a kan waɗanda yaro ya rubuta da kansa ba tare da sawu ba. Toh shine na kawo tiren yashi. Tire mai ɗan baki, yashi mai laushi da aka tankaɗe aka wanke ya bushe, kaɗan ake zubawa yadda in an ja yatsa za a ga ƙasan tiren. Yaro ya shafa katin sau biyu uku, ya ture shi gefe, ya rubuta a yashi, ya duba da kansa, in bai yi masa ba ya girgiza tiren ya sake. Girgizar nan ita ce sirrin abin a ganina, babu jan biro babu gogewa har takarda ta yage, kuskure baya barin tabo, shi yasa zaka ga yaron da ke kuka in an bashi fensir ya zauna a gaban tire yana ta yi shi kaɗai. Munyi da yumɓu ma, su mulmula shi kamar igiya su naɗa harafi, da kuma jiƙaƙƙen soso a kan allo.

Maganar b da d kam sai da na zauna na yiwa iyaye bayani, don suna tsorata su ɗauka yaro na da matsala. Ƙwaƙwalwar mutum an gina ta ne ta ɗauki abu a matsayin abu ɗaya ko ta ina ya juya, kofi ko mariƙinsa na dama ko na hagu ai kofi ne, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa Stanislas Dehaene yayi bayanin wannan sosai, cewa mai koyon karatu sai ya warware wannan ɗabi'ar a kan haruffa. Don haka juya harafi a wannan shekarun abu ne da aka saba gani. Abin da ya taimake mu shine hannu, b daga sama ake sauko da sanda sannan ayi ciki, d kuma da cikin ake farawa sannan a hau sama a sauko, tafiyar yatsa daban ce ko da ido ya gansu iri ɗaya. Kuma ban taɓa gabatar da su a rana ɗaya ba, sai ɗaya ya zauna daram. Mu kuma namu huɗu ne ma, b d ɓ ɗ, don haka na nisanta su da juna sosai. Na k da ƙ kuwa hoto biyu nayi, kaya da ƙaya, in ce bani ƙaya, in yaro ya miƙo kaya sai in ce taɓa maƙogwaronka muji, mu faɗa tare. Suna dariya suna yi amma kunnen yana buɗewa.

Hannun riƙe fensir shima gefe ɗaya muke gina shi ba tare da an matsa ba, zura zare a maɓallai, maƙala abin shanya a bakin kwali, yage takarda, yanka da ƙaramin almakashi mara tsini, bin gefen murfi da fensir mai kala a cike cikin da layuka. Sai dai a kula, duk abin da zai shige bakin yaro ina ƙirga shi kafin da bayan aiki, kuma in akwai 'yan ƙasa da shekara uku a kusa bana fito da ƙananan abubuwa kwata kwata.

Yanzu ga inda abin yafi min daɗi. Na sa aka ringa tara min murafen robar ruwa, na wanke, na rubuta harafi a kan kowanne da maka wadda bata gogewa, wasula da shuɗi baƙaƙe da ja kamar na katunan, kowane harafi guda da yawa musamman a don ita tafi kowa aiki a Hausa. Na jera su a kwali mai gida gida. Tun yaro bai san haruffa duka ba, da zarar ya kama wasula biyu uku da baƙaƙe kamar shida, sai in zauna kusa da shi ince yau zamu rubuta sama. Me kaji da farko? Ssss. Ɗauko shi. Sai me? Mu ja kalmar tare, ssssaaaa, ya ɗauko a, haka har ta cika daga hagu zuwa dama a kan shimfiɗarsa. Ga waɗanda ke tsallake sauti na zana akwatuna a jere a kati, akwati ɗaya sauti ɗaya, dabarar wani masanin halayyar yara ne ɗan Rasha mai suna Elkonin, yaro ya fara tura dutse cikin kowane akwati yana faɗin sautin, sannan ya cire duwatsun ya maye su da murafe.

Wata safiya wani yaro mai shiru shiru, wanda in ana rera haruffa baki kawai yake motsawa, ya ja kwalin murafen gabansa ba wanda ya sa shi. Ina daga nesa ina kallonsa, leɓensa na motsi, ya ɗauki m ya ajiye, ya tsaya ya kalli sama ya sake faɗa a hankali, ya ɗauki o, ya ɗauki t ya mayar ya sake ɗauka, sannan a. Sai ya taso ya kama gefen rigata yace Malama zo kiga mota. Da na je na karanta da ƙarfi nace mota, sai ya zaro ido yace ya akayi kika sani ban faɗa miki ba, alhali shi ya faɗa da bakinsa yanzun nan, amma abin da ya girgiza shi daban ne, ya gane cewa abin da ke kansa ya fito ya zauna a ƙasa har wani na iya ɗauka. Ranar bai fita wasa ba sai da ya jera taga da hula da kare. Kuma a lokacin nan fensir bai gama zama a hannunsa ba, da na jira sai ya iya rubutu a littafi da ban san yana jin sautukan nan tsaf ba.

Wannan shine babban abin da kayan nan suka yi min, suna fito da tunanin yaro fili in ganshi. In aji duka na amsawa da murya ɗaya bazaka taɓa sanin waye ya gane waye ke bin iska ba, amma in yarinya ta jera hanu maimakon hannu, nasan kunnenta lafiya lau, baƙi mai ninki ne bata sani ba tukuna, sai mu tafa han-nu, kun-ne, dab-ba, taji inda harshe ke ɗan tsayawa. In yaro ya jera tabama maimakon tabarma nasan baƙin da ke rufe gaɓa ne ke kuɓuce masa. In ya jera mt babu shuɗi ko ɗaya, daga nesa ma ina hango cewa wasula ne matsalar, kunga amfanin kala biyun kenan, har su da kansu suka fara cewa kowace gaɓa sai da shuɗi a ciki. Akwai wanda ya jera hita maimakon fita, wannan kam daidai yaji, haka ake faɗa a gidansu, ban ce masa ba daidai bane, nace haka muke faɗa wasunmu, a littafi kuma da wannan ake rubutawa. A farkon nan bana gyara ƙa'idar rubutu da yawa, ina rubuta abin da na gani ne a littafina in san darasin gobe.

Littafin nan nawa layi layi ne, sunan yaro a gefe haruffa a sama, ɗigo in na nuna masa, ɗan layi a tsaye in yana nunawa, in yana faɗa da kansa in kewaye. Da shi na gano wata yarinya da ta tsaya cak a wasan sauti alhali a komai tana da kaifi, kuma na lura in na yi magana ta bayanta bata juyowa. Na samu mamanta nace don Allah Mama a kaita a duba mata kunne, aka duba aka samu ciwo ne aka yi magani. Ba duk tsaiko ne na darasi ba, wani na kunne ne wani na ido.

Tafiyar da aji mai yawa da kayan hannu shine aikin da yafi cin rai, bazan ɓoye ba. Sai da na koya musu ɗauko abu da hannu biyu, shimfiɗa ɗan ƙyalle, aiki a kansa, mayar da komai inda aka ɗauko, share yashin da ya zube, kuma wannan darasi ne mai zaman kansa da aka maimaita har ya zama jiki kafin in saki kayan. Na raba su rukuni rukuni, wasu na tire, wasu na yumɓu, wasu na hotunan labari, ni kuma ina zaune da 'yan kaɗan muna sabon harafi, in an kaɗa ƙararrawa a juya. Hayaniya akwai, murafe suna ɓata kullum sai an sake wasu, kati na yagewa sai an bi gefensa da salatif. Bana fito da komai lokaci ɗaya, abu kaɗan a kan kanta, in sun ƙware in canza.

Iyaye ma sai da aka sha tambaya. Wani uba yazo da kansa cikin mutunci yace Malama ni fa ban ga aikin gida ba, littafinsa fari fat, sai yazo yana bani labarin yashi. Nace Baba bismillah zauna, na kira yaron na ajiye masa murafe nace rubuta mana gida. Ya jera. Nace rubuta jaka, ya rubuta, nace mayar da ita kaka, ya cire j ya saka k yana murmushi. Uban yayi shiru can yace toh a cigaba, me zamu ringa yi a gida? Nace hira da labari, da wasan me yake farawa da sauti kaza, ya isa. Ina fahimtar damuwarsu sosai, cika shafi da kwafi abu ne da ake gani a riƙe a hannu. Kuma nima bana cewa kwali da yashi su kaɗai ke koyar da karatu, abin da bincike yafi tsayawa a kai shine koyar da alaƙar sauti da harafi a tsare daki daki, kwamitin da aka kafa a Amurka ya faɗi haka a rahotonsa na 2000 inda ya lissafa sanin sauti, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi da fahimta, Ingila ma ta karkata can bayan rahoton da wani mai suna Jim Rose ya rubuta wa gwamnati a 2006. Kayan hannu hanya ce ta isar da wannan ga yaron da bazai iya zama yana kallon allo ba. In babu tsari a bayansu tarkace ne kawai.

Karatu kuma daga baya yazo, don jera kalmar da kai ka zaɓa daban, karanta wadda wani ya rubuta daban, da yawansu suna jera kalma yau gobe ka nuna musu su kasa karantawa, wannan ba abin damuwa bane. Da naga yaro ya fara komawa kan abin da ya jera yana karantawa da kansa, sai in ɗauko kwandon nan na farko in ce ina tunanin wani abu a cikin nan amma bazan faɗa ba, zan rubuta maka. In rubuta zobe a 'yar takarda a gabansa, ya faɗi sautukan ɗaya ɗaya, ince ƙara sauri, ƙara sauri, har su manne ya ji kalmar ta fito daga bakinsa ya ɗauki zoben ya ɗora a kan takardar. A nan Hausa ta yi mana gata, yawanci yadda aka rubuta haka ake faɗa, kamar Italiyancin yaran Montessori, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya ke canza murya daga kalma zuwa kalma, wani bincike da aka yi a ƙasashen Turai a 2003 ya nuna yaran Turanci sun fi sauran daɗewa sosai kafin su kama tushen karatu. Inda namu ke da ɗan tarko shine bama nuna tsawon wasali da karin sauti, wato hawa da saukar murya, a rubutu, shi yasa bana barin kalma ita kaɗai ta daɗe, da wuri nake sakata a jimla ko kusa da hoto.

Daga nan sai takardun umarni, kuma su suka fi so. In naɗe takarda in miƙa a asirce, an rubuta tashi, ko zauna, ko yi tsalle, yaro ya karanta a zuci ya aikata sauran su canki abin da aka rubuta. Sai suka ƙara tsawo, rufe taga, kawo jan fensir, taɓa hancin abokinka. Babu yadda za a yi ka haddace wannan, ko ka gane ko baka gane ba kowa na gani. Mun manna suna a jikin ƙofa da kujera da allo, su suka rubuta da hannunsu. Sannan na koya musu naɗe takarda guda ta zama ɗan littafi mai shafi takwas, kowane shafi jimla ɗaya da zane, da haruffan da suka riga suka sani kawai nake rubuta nawa, nasu kuma abin da suka ga dama.

Zuwa ƙarshen shekara ba duka suka kai wuri ɗaya ba. Wasu na karanta ƙananan littattafan nan su kaɗai harda gyara min murya, mafi yawa suna haɗa baƙi a hankali suna jan kalma har ta fito, akwai kuma 'yan kaɗan da har yanzu muna kan kati da tire, sun san wasula da baƙaƙe kamar goma. Waɗannan na kwafe shafinsu daga littafina na kaiwa malamar aji na gaba da kaina, muka zauna na nuna mata harafin da kowanne ya tsaya a kai da wanda ke ruɗa shi, na bar mata kwalin murafe ɗaya da katunan ɓ da ɗ. Ni kuma yanzu ina yankan sabbin katuna don tsoffin sun sha hannu samfefar ta goge, kuma wannan karon harda manyan haruffa na farkon sunayen yara.